Farar Saniyar Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jiki?

Yaya, farar saniyar da Baba ya bar mana ta mutu ranar Talata a Salka. Ni na sa aka yi mata barbara da bijimin Turai, wai mu samu maruƙa masu nama. Jauro mai kiwonmu ya ce ƙugunta ba zai ɗauka ba, na ce zamani ya canza. Wajen haihuwa maraƙin ya yi mata girma, ko yanka ta ba mu samu yi ba.

Shi ya rayu. Ni ke ba shi madara, yana lasar hannuna yadda uwarsa ke lasar na Baba.

Gaida mutanen gida. Ka yi mini addu'a, ka yafe mini.

Ƙaninka,
Sani