Tandar da Ba Ta Taɓa Shan Mai Ba

Brennau, Laraba, 9 ga Satumba, 1987

Zuwa ga Yayata Hedwig,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya ƙafar? Ki riƙa shafa man da likita ya ba ki, ki rabu da wanda maƙwabciyarki ke haɗawa a kicin. Ni lafiyata ƙalau, in dai jiki ake nufi.

Na iso jiya da rana. Motar kayana ta sha wuya a hawan dutsen nan, sau biyu na tsaya ta huce. Kin san abin da ya kawo ni. Yau mako bakwai matata Traudel tana nan tun da aka binne mahaifiyarta, wai tana kwashe kaya don a sa gidan a kasuwa. Gida mai ɗaki huɗu fa, Yaya. Ni da nake naɗe rumfa sukutum cikin minti ashirin kowace Asabar a kasuwar Dortmund, ni za a gaya wa yadda ake kwashe kaya?

To ko cokali ba a ɗaure ba. Na tarar da matata a lambu, ba takalmi, kumatu jajur, tana dariya da wata murya da rabon da in ji ta tun muna haya a ɗaki ɗaya. Ta jera kwalaben tuffa da ta dafa da sukari har sun cika kantoci biyu. Harshenta ma ya koma na mutanen dutse, sai na kasa kunne sosai nake tsintar rabi. Ta yi murnar ganina, ba zan yi mata ƙarya ba, amma irin murnar da ake yi wa baƙo. Har ta nuna mini inda zan rataye hula.

Sai kuma Alfons. Ki riƙe sunan nan, don ni na haddace shi kafin a gama cin abinci. Ƙofar lambu ta daina ƙara, Alfons ne ya gyara. Bututun hayaƙi, Alfons ya share. A bayan gida itace ne an faskara an jera har rufi. Itacen hunturu, Yaya, a gidan da za a sayar! Tsohon mai zubin ƙarfe ne, matarsa ta rasu, hannunsa kamar shebur, kuma ba ya yin magana ta wuce kalma biyar a wuni. Ni da na ci abinci da baki shekara talatin da biyar, ban san ta ina ake kama mutumin da ba ya magana ba.

Na kai wa Gwaggo Änne, ƙanwar marigayiya, kaskon suya cikin mafi kyawun kayana, irin wanda ba ya kamu. Ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Kai ɗan birni, wannan na ba kyanwa madara ne?" Nan garin duk abin da ba zai karya maka ƙafa in ya faɗo ba, ba kaya ba ne.

Na ce wa Traudel mu kama hanya jibi. Ta ce sai an yi bikin maƙera ranar Lahadi. Zan jira.

Ki gaida maigidan. Naki ƙane,
Egon

Brennau, Juma'a, 11 ga Satumba

Yaya Hedwig,

Ina fatan kin tashi lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Jiya aka kai ni tsohuwar masana'antar zubin ƙarfe ta garin. Shekara goma sha biyar da kashe tanderunta, yanzu baƙi ake zagayawa da su, kuma makulli a hannun wa? Kin gane. Ya nuna mini wilin ruwa, da gudumar da ta fi motata nauyi, da ramin da kakansa ya bar yatsu uku. Ina ta gyaɗa kai ina cewa madalla, har muka shiga wani ɗaki da aka rataye tandunan waina a bango. Kin san irinsu: faifan ƙarfe biyu masu dogon hannu kamar awartaki, a zuba ƙulli a tsakani, a matse, a ɗora a wuta, waina ta fito siririya da zanen tandar a jikinta. Sun fi sittin, kowace da suna biyu da shekara. Duk baƙaƙe ne ƙirin, sai guda ɗaya mai ruwan toka a tsakiya. Na matsa na karanta: Alfons, Irmtraud, 1956.

Yaya, Irmtraud nawa kika sani? Ni dai guda ɗaya na sani, wato Traudel, don cikakken sunanta ke nan, kuma a 1956 na aure ta.

Na yi irin murmushin da nake yi wa mai duba lasisin kasuwa, na fita, na miƙe gidan Gwaggo Änne da fakitin kofi mai kyau. Tsohuwa ba ta ma jira na buɗe shi ba. Ga al'adar: duk saurayin da ya gama koyon zubi, aikinsa na farko shi ne ya zuba tanda da sunansa da na yarinyar da yake so. Ranar biki ita za ta shafa mai, ta toya wainar farko, ta miƙa masa a gaban jama'a. In ta miƙa, magana ta ƙare, sai zancen coci. Ta ce, "Kai da kake sayar da kasake, ba ka ga launinta ba? Wannan tandar ba ta taɓa shan mai ba. Duk yaron garin nan ya san abin da ruwan toka ke nufi."

Sai na ji sanyi a raina. Na ce ashe an ƙi shi. Ta ce an ƙi shi mana, da safen bikin ma, gari ya taru, an hura wuta, yarinya ta ɓace. Aka ce an gan ta a garin gaba ta shiga motar wani mai tallan kwanoni, mai surutu kamar rediyo. Ta dube ni ta ce, "Ko motar mai kifi ce ta tsaya ran nan, da ita za ta bi, kada kanka ya yi girma."

Shekara talatin da ɗaya ina ba da labari a wurin shan giya cewa daɗin bakina ne ya sato 'yar dutse. Ashe mota take nema.

Wannan da sauƙi. Ga wanda ya hana ni cin abincin rana: ranar biki ana sauko da tandunan a yi tuya, kuma bana Traudel da bakinta ta ce a sauko da mai ruwan tokar. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Egon, waina ce kawai." Macen da ta gudu daga garinsu saboda waina ce ke gaya mini waina ce kawai.

Da yamma na koma wurin Alfons da dabarar kasuwa. Na fara kushe tandar, na ce zubin ya yi kumfa a gefe. Na ce ina da wani abokin ciniki a birni mai tara tsofaffin ƙarafa, zan taimaka in raba shi da ita. Na ba da farashi, na ƙara, na yi kamar zan tafi, na dawo. Duk wannan yana goge guduma da tsumma. Da na gaji ya ce, "Ba tawa ba, tata ce." Kalma biyar cif, kason yini ya ƙare.

Ina da wata dabarar, amma ba zan rubuta ba, don na san za ki buga waya gidan giya ki ce a hana ni.

Naki,
Egon

Brennau, Litinin, 14 ga Satumba

Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar jikinki, ina roƙonki ki yi dariyarki ke kaɗai, kada ki karanta wa maigidanki.

Tunanina shi ne: duk ƙarfin al'adar nan a idon jama'a yake. In ba wanda ya gani, ba a yi ba. Kuma in akwai abin da Allah ya ba ni, jan jama'a ne. Jiya bayan an fito coci, mata suka hura gawayi a cikin farfajiyar masana'anta, ni kuma na ja motata zuwa bakin ƙofa, na sauke teburi, na jona injin waina na lantarki da ya rage mini tun kasuwar Kirsimeti, na buɗe maƙogwaro. "Iyaye mata, ku zo ku ga ƙarshen wahala! Ba hayaƙi, ba ƙuna, ba sai kin auri maƙeri ba!" Na soya ƙwai ba mai, na busa shi ya tashi daga kasko, na cafe da hula. Na tsokani limamin coci, na tsokani mai gari. Yaya, rabon da in yi wasa irin na jiya tun ina saurayi. Farfajiya ta zama wayam. Har masu busa ƙaho suka ajiye ƙahonsu suka zo. Gari kaf yana gabana, ba wanda ke kallon wuta.

Ina tsakiyar wannan sai na ga mutane suna darewa. Traudel ce, da faranti. Ta ratso taron da na tara da gumina, ta wuce ta gaban teburina, ta tsaya gaban Alfons, wanda shi ma, shashasha, ya zo kallon ƙwai. Wainar ta ƙone a gefe, rabi ta manne, don sabuwar tanda ba ta sakin ta farko. Ta miƙa masa ta ce, "Ta yi latti, Alfons, kuma ba ta aure ba ce. Amma ba za a ƙara nuna wa yara tandarka ana dariya ba." Ya cire hula. Ƙaton mutumin nan ya tsaya yana cin ƙonanniyar waina, hawaye na bin gemunsa, aka ɗauki tafi. Da a ce na zauna a gida, da mutum ashirin ne za su gani. Ni na kawo mata ɗari uku. Gwaggo Änne ta daki kafaɗata ta ce, "Sannu da aiki, surukina, ko mai shela aka ɗauko iyaka ke nan."

A hanyar gida na yi ta faɗa. Traudel ta bar ni har na ƙare, sannan ta ce abu uku. Gidan ba na sayarwa ba ne. Ba za ta koma hawa na uku a saman titin da ba a jin tsuntsu ba. Kuma a shekara talatin da ɗaya ban taɓa tambayarta ko tana son birni ba, don ban taɓa yin shiru na minti ɗaya ba. Na ce to ashe gaskiya ne, mota kawai kika nema. Ta ce, "Ran farko, i. Sauran kwanakin fa, wa ya ɗaure ni?" Na ce in na koma ni kaɗai fa? Ta ce, "Sai ka koma. Kai ne mijina, gadon kwanan na mutum biyu ne. Amma ba zan roƙe ka ba, kuma itace dai ba zan rasa mai faskara mini ba."

Kin ji fa. Wai ba barazana ba ce.

Yau da safe na loda mota, na tayar da ita, na kai har kwanar da ake fara gangara. Daga can ana hango gari duka. Na hango rufin gidanmu, na hango na Alfons, na ƙirga gidajen da ke tsakani. Huɗu ne, Yaya. Na juyo.

Don haka ki je wurin mai kula da kasuwa ki ce ya ba wani wurin rumfata. Ki ce masa iskar dutse likita ya rubuta mini. Kada ki ce kishi ne, ko da yake duk wanda ya san ni zai gane.

Da na shigo gida Traudel ba ta tambaye ni inda na je ba. Ta ajiye mini kofi da waina daga tandar, wannan karon ta fito sumul, sunaye biyu raɗau a kai. Ta zauna tana kallona ta ga abin da zan yi. Na karya ta biyu, na tura mata gefen da ke da sunanta, ni kuma na tauna Alfons a hankali har ya ƙare. Abin haushin, Yaya, ta fi ta injina daɗi.

Allah ya ƙara miki lafiya. Ki zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Ƙanenki da ya zama ɗan dutse ba da son ransa ba,
Egon