Gidaje Biyu a Akwatin Inna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Saudatu, matar marigayi Malam Garzali na nan Wudil, ni nake rubuta wannan da hannuna, da hankalina garau, ba wanda ya sa ni. Gwiwa ce ta gaza, numfashi kuma ya fara yi mini rowa. Likita yana ta kwana-kwana, ya manta shekara talatin na yi ina aikin unguwarzoma, na san fuskar likita idan yana ɓoye magana. Zuwa gare ku 'ya'yana, Ikrima, Safiyya da auta Afra.

Na ɗaya. Gidan nan da lambun da ke garin Indabo ba ni da ta cewa a kansu. Allah Ya riga Ya raba, a kira malami ya faɗa wa kowa rabonsa. Maganata a kan zanen fentin mai ce, guda goma sha ɗaya da ke bayan gadona. Na bayar da su kyauta tun ina raye, don kada wani ya tuna mini cewa ba a yi wa magaji wasiyya.

Kun san asalinsu, amma ba daga bakina ba. Shekara huɗu da suka wuce na je Ingila jegon Safiyya, da ta haifi Mudassir. Na tafi da kanwata da yajina, na ci ɗamarar wankan jego. Na tarar ba murhu, ba itace, ba ganyen darbejiya, ruwan zafi ma a famfo yake. Kafin sati biyu aiki ya ƙare mini. Ba mai sallama, ba 'yan barka. Sai in zauna bakin taga ina kallon lambun maƙwabciyarta, wata tsohuwar Baturiya da ke wahala a kan furanni kamar miya za a yi da su. Ita ta ga zaman ya ishe ni, ta kawo mini burushi da fenti da allon zane. Turancina na asibiti ne, ita ko sannu ba ta ji, amma wata biyar muka yi muna zama tare. Gidaje da lambuna kawai na zana. Ban sa mutum ba, ban sa tsuntsu ba, don haka Ikrima sai ka kwantar da hankalinka.

Na biyu. Afra, takwas naki ne, don ke kaɗai ba ki yi dariya ba ranar da na nuna muku su. Kada ki rataye su inda rana ke duka, kada ki goge su da ruwa. Mai karkataccen bangon nan shi ne na farko, kuma ban yarda ki ɓoye shi ba.

Na uku. Na lambun Baturiya a mayar mata, in tana raye. A haɗa mata da zuma mai kyau, a ce tsohuwar Wudil ta gode.

Na huɗu, wanda don shi na ɗauki biro. Ikrima da Safiyya, shekara uku ke nan ba ku gaisa ba, tun rasuwar mahaifinku. Ikrima, ƙanwarka ba ƙin zuwa ta'aziyya ta yi ba. Takardun zamanta a Ingila ba su fito ba a lokacin, in ta fita ba za ta iya komawa wajen yaronta ba. Ka san haka, amma ka ce da ita ta daina lissafa kanta cikin 'yan gidan nan. Baƙin ciki ne ya yi magana da bakinka, na sani, sai dai magana zarar bunu ce. Ke kuma Safiyya, takardun sun fito tun bara waccan, kin ƙi zuwa don kada ki ga fuskar yayanki. Taurin kan ubanku kuka raba biyu tun kafin a raba gado. Ni ce wayar da ke tsakaninku, kowa sai ya bi ta kaina yake jin lafiyar ɗan'uwansa. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona shi ne in na kau, Safiyya ba ta da sauran abin da zai kawo ta Wudil, Mudassir ya girma bai san ƙofar gidan kakansa ba.

Saura zane biyu, waɗanda ba wanda ya taɓa gani, don kunya ta sa na ɓoye su. A satina na ƙarshe a can na zana gidan Safiyya, da jan bulonsa da ɗan lambun ƙofa. Kewa ta taso mini, sai na zana namu da ka: zauren, rijiyar, da mangwaron da ubanku ya dasa. Na ɗauka fentin mai kamar lalle ne, kwana ɗaya ya bushe. Baturiya ta gargaɗe ni, na ce a raina wa zai koya wa Bahaushiya shirya kaya. Na kifa su fuska da fuska kamar faranti, na naɗe da zani, na hau kan akwati na zauna har ya rufu. Da na iso gida na tarar sun manne. Na ɗan ɓamɓari gefe, rufin wannan ya biyo bangon wancan, sai na bar su haka. Kada ku ce wata hikima ce, ganganci ne kawai irin na uwarku.

Waɗannan biyun naku ne ku biyu. Ba za a buɗe su ba sai a tsakar gidan nan, Ikrima na riƙe da ɗaya, Safiyya na riƙe da ɗaya. In sun lalace, sun lalace, na yafe.

Na biyar. Na ce wa Afra kada ta jira bayan raina, ta ɗauki hoton takardar nan ta tura muku yau. Safiyya, kada ki jira a bugo miki waya, ki taho da yaron yanzu. Ikrima, kai da kanka za ka je Kano ka ɗauko su, ban ce ka aiki direba ba. Ina son ku, kuma ina so in ji muryoyinku a ɗaki ɗaya, ko da faɗa kuke yi.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mini, Ya haɗa mu da mahaifinku a gidan Aljanna. Ku riƙe juna, ku riƙe auta.

Innarku, Saudatu.