Kwalbar da ke cikin baƙar leda

Litinin, 7 ga Afrilu

Laila ta tafi Maruwa da safe, kwas na mako uku. Ta bar wa ƙawarta Henriette, abokiyar sana'arta, mabuɗin ƙofar baya. Ni da na haifi Laila, an ce in riƙa leƙa lambun kawai, kada in taɓa komai.

Wai lambu. Bututan roba ne jere a bayan gida, an huhhuda su, latas na tsaye a ramukan, saiwa cikin ruwa, ba ko ƙwayar ƙasa. Amma otal-otal na saye, kuma saboda shi Laila ta ƙi aikin audugar da aka ba ta a Tuboro. Ta faɗa mini ƙarara: in lambun ya mutu a zafin bana, za ta karɓi aikin. Tun rasuwar matata Aisatu, Laila kaɗai ta rage mini a gidan nan. Saboda haka zan sa ido yadda na ga dama.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yarinyar ta zo da sassafe. Ina kallonta ta taga. Ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da wata kwalba naɗe cikin baƙar leda, ta sa safar hannu, ta zuƙo wani abu da sirinji ta tsiyaya a tankin ruwa. Sai ta maida kwalbar can ƙuryar da ko ƙadangare ba ya shiga.

Abin arziki ba a ɓoye shi a duhu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na tambaye ta. Ta yi dariya, wai o oksijene ne, irin wanda ake wanke ciwo da shi, sai dai wannan ya fi na farmasi ƙarfi nesa ba kusa ba, daga Duwala ake kawo shi. Wai yana kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kuma haske na lalata shi, shi ya sa ake ɓoyewa. Amsa a bakinta kamar ta haddace.

Ban taɓa ganin Laila da kwalbar nan ba. To, ban taɓa tashi na kalli Laila ta taga ba, gaskiya. Duk da haka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Abdulkarim mai kayan gini ya ce mini ya ga Henriette tana tambayar kuɗin bututu a kasuwa. Me za ta yi da bututu in ba nata lambun za ta buɗe ba? Ta san otal-otal ɗin, ta san hanya. Na Laila ya mutu, Laila ta tafi Tuboro, kasuwa ta zama tata. Biri ya yi kama da mutum. Shekarunsu shida tare, na sani, amma sabo da kaza ba ya hana yanka.

Da ta tafi na ɗauko kwalbar. Na ɗiga a yatsana: fata ta yi fari fat, da raɗaɗi kamar harbin kunama ƙarama. Na ɗiga a ganyen latas, kafin la'asar wurin ya ƙone. Wannan ne take ba shukar 'yata.

Na juye shi cikin tsohuwar kwalbar magani na kulle a kabad ɗina, shaida ce ranar da Laila ta dawo. Na cika tata kwalbar da ruwan randata. Ta yi ta tsiyaya.

Talata, 15 ga Afrilu

Zafin Garwa yau ko kaji sun buɗe baki. Latas lafiya lau. Na yi barcin rana mai daɗi.

Laila ta kira. Ban gaya mata ba. Magana irin wannan ba ta waya ba ce.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na dawo daga masallaci na tarar layin ƙarshe ya langaɓe. Na ɗaga guda, saiwar da na sani fara ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi, tana warin kwata. Na ce a raina, dafin da ta riga ta zuba ne yake aiki sai yanzu.

Haka na ce. Amma kusan mako guda tana zubawa ba abin da ya same su.

Asabar, 19 ga Afrilu

Layi uku sun langaɓe.

Henriette ta ninka abin da take zubawa. Ta tsaya kan tanki ta daɗe, hannu a ka. In wasan kwaikwayo take yi, ta iya.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yau Ista ce a wurinsu. Ta zo cikin kayan coci, ta tuɓe takalma, ta naɗe zani, ba ta je cocin ba. Tun safe take kwance bututu tana goge yauƙi da soso a rana. Na ga ta ɗiga abin kwalbar a kan ruɓaɓɓiyar saiwa ta zuba ido. Bai yi kumfa ba. Ta ɗiga a yatsarta. Ta kai kwalbar hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Ta dubi tagata sau ɗaya, na ja da baya.

Sai ta kira Laila, ina ji. Ta ce maganin ya mutu, laifinta ne, wataƙila ta bar shi a haske. Sabo ba zai iso daga Duwala ba sai bayan mako, kuma lambun ba zai kai ba. Ta ce bututan da ta tanada don su ƙara layi biyu ta ba Laila mamaki, za ta mayar wa mai shago. Tana maganar tana kuka.

Bayan nan Laila ta kira ni, murya a sanyaye. "Baba, kada ka yi mata faɗa. Ƙila Tuboron ce rabona."

Na kasa cin tuwon rana. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya, da wani abu kuma da ba na son rubuta sunansa.

Litinin, 21 ga Afrilu

Kafin ta zo na zubar da ruwan, na maida mata abinta cikin kwalbarta, na naɗe ledar yadda take naɗewa.

Ta ɗiga a kan saiwa, kumfa ta taso fari tas. Ba ta yi ihu ba, ba ta nemi ba'asi ba. Ta kwashe tsohon ruwa, ta wanke tanki, ta yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, ta auna ta zuba. Na fito na riƙe mata tiyo, don dai zaman ɗaki ya ishe ni.

Muna cikin aiki, ba ta ko dube ni ba, ta ce:

"Baba, ruwan randarka da ƙamshi. Saiwar jema kake sawa?"

Na ce Aisatu ce ta saba mini. Ta ce Allah ya jiƙanta. Shi ke nan abin da muka faɗa.

Wato tun jiya ta sani. Tun kafin ta ɗaga waya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Layi uku sun tafi. Sauran sun fara fitar da fararen saiwoyi sirara kamar gashin masara. Ta ce za su ishi otal ɗaya, ɗayan kuma za ta je ta ba su haƙuri.

Asabar, 26 ga Afrilu

Gobe Laila za ta dawo. Ba ta sake ambaton Tuboro ba.

Ɗakin ajiya yana da ɓula a kwanon rufi, rana na shiga da tsakar rana, ban san yadda aka yi ba wanda ya lura ba. Na kwashe kwanonin Aisatu daga ƙaramin kabad ɗinta, ya fi ko'ina duhu da sanyi a gidan nan. Kwalbar na ciki. Na ba Henriette mabuɗin, ba don komai ba, ni mantuwa ta fara yi mini yawa.

Na aika wa Abdulkarim ya kawo bututu na layi biyu, ya kuma rage surutu.

Akwai maganar da zan yi wa Laila in ta huta. 'Yar tawa ta ce ba sai na yi ba. Henriette nake nufi.