Atisayen Tsuguno Kafin Zuwa Tafa

Magajiya, Suleja
Alhamis

Uwargida Zuwaira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da jariri. Yaya Gusau, yaya hidimar ruwan zafi? Allah ya raya mana shi.

Ina sanar da ke, ke kuma ki sanar da duk wanda ya cancanta, cewa yau da hantsi mijinki ya tsuguna har ƙasa, ya kuma miƙe ba tare da ya dafa bango ba. Rabona da haka tun ina da gashi a ka.

Ga dalili. Jibi Asabar ni zan jagoranci dangi zuwa Tafa don nema wa Khamis, ɗan ƙanena, auren Hamdiyya. Kakanta, Alhaji Gambo, shi ke da magana a gidan, kuma an tsegunta mini cewa bara ya sallami wasu masu nema don babbansu ya gaishe shi a tsaye. Tun da ƙanena ya rasu yaron nan ba shi da uba sai ni, ba zan bari tumbina ya hana shi mata ba. Saboda haka na shiga atisaye a tsakar gida: in sauka a hankali cikin natsuwa, kamar yadda ya dace da dattijo, in tashi, in sake. Na yi ta yi har ƙafafuna suka soma rawa. Maƙwabciyarmu Madam Debora ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu ne ya faɗi nake nema.

Kada nas ɗin da ke cikinki ta tashi. Ba abin da ke mini ciwo. Ko ya zo ma, tun a kwaleji na karanta cewa wani sinadari ne mai suna laktik asid ke taruwa a tsoka, barcin dare ɗaya ya wanke shi.

Khamis zai ɗauki hoton takardar nan ya tura miki, tunda har yau ban yarda saƙon murya wasiƙa ba ce.

Naki,
Tanimu

Juma'a

Uwargida,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ni ma na tashi, amma sai da aka ɗan yi shawara da cinyoyina. Sallar Juma'a a kan kujerar roba na yi ta, a sahun tsofaffi, kuma ba wanda ya yi mamaki, abin da ya fi ciwon ɓata mini rai.

Gidan nan ya cika da likitoci. Madam Debora ta ce sanyi ne ya shige ni, ta aiko da man zafin da ya kori sauron ɗakin amma ya bar ciwon inda yake. Mijinta Timoti ya ce in kwanta kada in motsa. Khamis kuwa, da Turancin 'yan ɗaga ƙarfe, ya ce ciwon shi ne shaidar aiki ya yi kyau, in ƙara. Na saurare su duka da haƙurin wanda ya san amsa.

Na kuma ji bayaninki a waya: wai ba asid ba ne, zaren tsoka ne ya ɗan ji rauni saboda aikin da bai saba ba, musamman saukar nan a hankali da nake alfahari da ita. Wai sai kwana na biyu ciwon ke fin tsanani, wai in riƙa ɗan tattaki, in kuwa na ga kumburi ko fitsari ya yi duhu in tafi asibiti. Kumburi babu, fitsari lafiya lau. Sauran kuwa, Hajiya, littafina farfesa ne ya rubuta shi. Gobe zan tashi garau.

Naki har kullum,
Tanimu

Lahadi

Uwargida Zuwaira,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki yi guɗa, an ba mu Hamdiyya!

Ban tashi garau ba. Shiga mota ma sai da Taufiq, ɗan baffana, ya cusa ni kamar buhun doya. Da muka isa zauren Alhaji Gambo, na tattara babbar riga, na soma saukar nan da na ƙware a kai. A rabin hanya cinyoyina suka ajiye aiki. Na zube gaban tsohon, gwiwa biyu da tafin hannu a ƙasa, gaisuwar da ko surukin ƙauye ba ya kai ta.

Ya amsa, ya nuna mini kujera. Na duba tazarar da ke tsakanina da ita, na ce nan ma ya isa. Ya nace, na sunkuyar da kai na ce ba na zama sama a gaban manya. A nan ƙasa na gabatar da buƙata, kuma ko ni na ji daɗin jawabin. Na faɗi asalinmu, na faɗi halin Khamis, yadda ya riƙe mahaifiyarsa da ƙannensa da aikin gyaran wutar da yake zuwa yi Abuja kullum. Zufar da ke keto mini, tsohon ya ɗauke ta kunya.

Da na gama, ya ce rabonsa da ganin ɗan boko mai tarbiyya haka har ya manta, gidan da babbansa ke haka ba a hana shi 'ya. Aka yi fatiha. Na zauna daram har ya shiga alwalar la'asar, sannan Taufiq da direba suka ɗaga ni ta hammata. Khamis da ya ji labari sai da ya yi ƙwalla. Da ƙanena na raye, da ba zai ji kunyata ba.

Ki shafa mini kan jariri, ki gaida mai jego.

Mijinki,
Tanimu

Af, na manta. Na bi tattakin da kika ce har bakin kasuwa, jikin ya ɗan saki. Na kuma leƙa sababbin littattafai: asid ɗin nan tun kafin in gama shan shayi ranar Alhamis ya bar jikina. Ke ce da gaskiya. Kada ki gaya wa Madam Debora.