Wannan Aikin Nawa Ne

Zuwa ga Awudu, a can arewacin Norway.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Tottenham, a Landan, lafiya lau. Garejin yana nan ƙarƙashin gadar jirgi inda ka bar shi, rufin kuma yana yoyo a inda ya saba.

Saƙonka ya iso. Ka san ni, abin da ke raina nakan rubuta wa kaina ne in rufe, ba mai gani. Wannan kuwa na sa shi a zauren makanikai na waya, inda ka sa taka maganar, domin a gaban mutanen nan abin ya faru. Na rubuta na goge har na gaji. Ko yanzu ban tabbata na kyauta ba.

Ka tuna bara da zafi, ranar da Baturen nan da muke kira Dogo ya jawo mana babur ɗin ƙanƙara a tirela? Abu ba taya, sai katako biyu na roba a gaba da bel mai haƙora a baya, a garin da ƙanƙara ba ta kwana a ƙasa. Ka yi dariya har ka zauna a kan jarka. Dogo ya ce a ƙasarsu Norway yana ɗaukar masu yawon buɗe ido a kan irinsa, wannan a nan ya saye shi, yana so a gyara masa hali kafin hunturu.

Halin kuwa na turbo ne, 'yar fankar nan ta jikin inji. Hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuma ta tura wa inji iska. In inji yana ƙasa-ƙasa hayaƙin bai isa ba, sai ka danna totur ka ji kamar ba a ji ka ba, can kuma ya fizge ka kamar an tsikare shi. Ga wanda bai taɓa hawa ba, wannan faɗuwa ce.

Kai ka sa wa ciwon suna. Ka ce, "Injin nan ɗan'uwanka ne, nawa gare shi." Domin tun muna sababbi a garin nan kake kirana Nawa, saboda ba na ƙulla noti sai na duba shi sau biyu. Ban taɓa jin haushin sunan ba. A bakinka yana da daɗi.

Kai ka so a ƙara wa turbo ƙarfi kawai a huta. Ni na ce a bi a hankali, abu ɗaya a canza, a gwada, sannan na gaba. Na shafa ruwan sabulu a tiyon iska har na ga inda yake kumfa. Na ƙara ɗaure sandar 'yar ƙofar nan da ke sakin hayaƙi, don kada ta buɗe da wuri. Na canza sifirin ɗin kuloci da nauyinsa, yadda bel ba zai kama ba sai inji ya ɗan taso. Sannan na zauna da kwamfuta ina daidaita mai a ƙasa, kaɗan-kaɗan, kai kana cewa inji ma ya gaji da ni.

Ba na cewa ba ka yi komai ba. Kai ka yi waldar bututun, kuma ba ni da hannunka a walda. Kai ka samo mana gonar nan ta bayan gari, kai ka hau shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa lokacin da ni tsoro ya hana ni. Ranar da ya tashi sumul daga tsaye, ba jira ba fizga, ka sauko ka rungume ni da taɓo a jikinka.

Da Dogo ya ce mutum ɗaya yake iya ɗauka aiki can Norway a bana, na biyu sai baɗi, ni na ce ka tafi. Ba ka da iyali a nan, Turancinka ya fi nawa santsi. A tashar jirgi ka ce, "Ina isa zan share maka hanya." Na riƙe wannan magana. Har na gaya wa matata Hadiza, ta fara tambayar farashin rigunan sanyi.

Sai ga bidiyonka a zaure. Ƙasa fara fat, babur ya tashi kamar ana zare shi daga kube. A ƙasa ka rubuta: wannan aikin nawa ne.

Awudu, na yi murna. Na karanta shi da babban baƙi, aikin Nawa, na ce ɗan'uwana ya ambace ni a gaban jama'a. Ai ba ka taɓa sa babban baƙi a rubutu ba, ko a sunanka. Mutane suka yi ta sa maka albarka, ba wanda ya kira ni, na ce don ba su san sunan ba ne. Hadiza ta karɓi wayar ta karanta, ta dube ni, ta miƙo mini. Na ji haushinta ranar.

Rubutun boko ba ya nuna inda aka ja murya, shi ya ba ni wurin ɓuya. Nawa ta nauyin jiki, "na" ɗin gajere ne, ƙarshen ake ja. Nawa na mallaka kuwa, farkon ake ja. A takarda duk ɗaya ne. Na zauna cikin wannan ɗan ramin har tsakiyar hunturu.

Sannan ka turo murya a zaure, kana amsa wani da ya tambayi wanda ya koya maka. Ka ce ba kowa, aikin naawa ne. Ka ja farkon, ka ja shi sosai. Na saurara a gareji, na saurara a cikin bas.

Duk da haka ban yarda da kunnena ba. Na ce wataƙila ku 'yan zangon Kumasi haka kuke faɗinsa, tunda mota ma "ya tashi" kuke ce mata. Na je wurin Hajiyar nan mai sayar da wake da shinkafa, 'yar garinku, na sa mata muryar ba tare da na faɗi dalili ba. Ta ce, "Ɗana, a Kumasi ma in mutum ya ce abu naawa, to nasa ne." Ta ƙara mini nama. Ina jin ta gane.

Yanzu ga saƙonka. Injunan Dogo da ka daidaita irin na farkon suna ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fistin ɗaya ya narke. Ka ce in yi booking ɗin jirgi in zo, ka riga ka gaya wa Dogo kana da yaro a Landan mai hankali.

Yaro. Furfura ta fara fito mini a gemu, Awudu. Hanyar da ka share ke nan?

Ga amsar injin, domin 'ya'yan mutane ke hawansa. Abin da na daidaita, da iskar Landan ta lokacin zafi na daidaita shi. Iskar can mai sanyi ta fi nauyi, tana cika inji fiye da yadda man ke biya mata, shi ya sa yake ƙonewa. Ka sassauta sandar ƙofar hayaƙin, ka ƙara mai a tsakiya da sama, ka ja lokacin wutar fulogi baya kaɗan. Kada ka taɓa kuloci. Bayan kowane gwaji ka ciro fulogi ka duba, in ya yi fari ka tsaya. Abu ɗaya, sannan na gaba. Zai yiwu na yi kuskure, ban taɓa shaƙar iskarku ba, don haka kada ka ɗora baƙo sai kai ka hau tukuna.

Zuwa kuwa, ba zan zo ba. Ko bana ko baɗi.

Na so in tsaya a nan, hannuna ya ƙi. Lokacin da aka kwantar da ni a asibitin Camberwell, ba ni da kowa a ƙasar nan, kai kake zuwa da koko a fulas kana faɗa da nas a kan ƙarewar lokacin ziyara. Wannan mutumin nake nema in yi wa ƙorafi, na rasa ta inda zan same shi.

Yatsunka suna tsagewa da sanyi tun a nan. Kana shafa musu mai kuwa? An ce rana ba ta fitowa a can wannan lokacin. Yaya kake gane azahar? Wa kake yi wa Hausa?

Allah ya tsare ka a kan ƙanƙarar nan, kai da duk wanda ka ɗauka a baya. Allah ya sa injin ya ji magana, ya rufa maka asiri a gaban maigidanka. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya, domin har yanzu ba ta huce ba, ba zan yi maka ƙarya a cikin addu'a ba.

Wassalam.

Sa'idu