Raƙumina a Gindin Randa

Laraba da dare, Gumel

Yau saura kaɗan in yi kuka. Fallayen roba garai-garai guda goma sha biyu da na zana raƙumi a kansu, kowanne da takunsa, na bari ƙarƙashin rufin kwano. Zafi ya narkar da fentin bayansu, suka manne. Gobe kuwa zan nuna wa ɗalibaina yadda zane yake motsi.

Inna ta ce, "Kada ka ja. Kai su gindin randa, inda nake ajiye man shanu."

Na kai su can. Bayan la'asar suka rabu, falle na bakwai kaɗai ya rasa wutsiya. Na ɗauke su ɗaya-ɗaya a waya, raƙumin ya yi tafiya. Inna ta kalla ta ce ɗingishi yake, amma zai kai Maigatari.