Minti Huɗu Kacal

Litinin, 15 ga Janairu
UPS ɗin, akwatin batir ɗin nan, ya kama kuka tun safe. Jar fitila, tit-tit, ba hutu. Shi ke riƙe injin iskar maigidana Gherasim idan an ɗauke wuta, a ƙauyen nan kuwa dusar ƙanƙara na sauka, wuta sai ta tafi. Na danna maɓallin gwaji. Ya yi shiru kaɗan, ya ci gaba. Gherasim ya janye robar hancinsa ya ce, "Tsohuwa, ni da shi wa zai riga wani?" Ban yi dariya ba.

Talata, 16 ga Janairu
Na zare filogi daga bango ina kallon agogo. Minti huɗu ya mutu. Bara arba'in yake yi. Huɗu! Ya Allah.

Laraba, 17 ga Janairu
Hanya a toshe. 'Yarmu Sânziana ta kira daga birnin Cluj: "Mama, ku sauko mana, ga ɗaki." Na ce ubanki a gidan nan aka haife shi, nan zai zauna. Na kashe waya.

Alhamis, 18 ga Janairu
Maƙwabcinmu Pompiliu, mai gyaran tarakta, ya zo da mitarsa ya kwance akwatin. Batir biyu ne. Ɗaya ya kumbura, ga zafi. Mita ta ce lafiya lau, har na fara murna. "Tsaya tukuna, Veturia, a zaune kowa jarumi ne. Kunna injin." Na kunna, allura ta zube. Babu irin batirin a ƙauye. Na tarakta ɗaya gare shi, abin kuma sai da biyu.

Juma'a, 19 ga Janairu
An ɗauke wuta sha ɗaya na safe. Na jona masa ƙaramar tukunyar iska ta ajiya, sau biyu robar tana kuɓuce min. Leɓensa ya yi shuɗi. Sai wajen ƙarfe biyu aka dawo da wutar, tukunya saura ƙiris. Mamaliga, tuwon masararmu, ta ƙone a murhu. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Lahadi, 21 ga Janairu
An buɗe hanya. Gobe Pompiliu zai sauka birni neman batir. Na ce kada ya sa kaya a kujerar baya. Ya dube ni, bai tambaya ba.

Na kai wa matarsa kajina ta riƙe min. Na 'yan kwanaki ne kawai. Gherasim bai san za mu sauka wajen Sânziana ba tukuna.